Saƙonni Bakwai Da Suka Maƙale A Wayar Daso

Akwai wata mata a Suleja, sunanta Daso, da ta yi kwana tara abinci ba ya mata daɗi. Sai ta zuba tuwo ta zauna a gabansa har ya huce. Mijinta Malam Gwadabe ya tambaye ta ko jikin ne, ta ce gajiya ce kawai. Ba gajiya ba ce. Damuwar tana cikin wayarta, wayar kuma tana cikin jakarta, duk inda ta sa ƙafa tare suke.

Bari in faro muku daga tushe.

Daso 'yar Zariya ce, neman abinci ya kawo su Suleja, suna haya a Kwamba. Shekararta goma sha ɗaya tana shara da dafa shayi a wani kamfani a Abuja. Karatunta bai wuce aji uku na sakandare ba. Tana karanta Hausa sarai, Turanci kuma tsintarsa take yi. A ofis kowa Mama yake ce mata.

Motar ma'aikata tana tashi daga Suleja bayan sallar asuba. Kujerar bakin taga da ke bayan direba ta Mama ce. Ba a rubuta a ko'ina ba, amma ko sabon direba aka kawo sai an gaya masa.

Ana nan aka ɗauki wata yarinya Bayarabiya, Funmi, a sashen kwamfuta. Ita ma a Suleja take haya, kuma tana jin Hausa don a Tafa ta girma. Ranarta ta farko, cikin rashin sani, ta zauna a wannan kujera. Daso ta zo ta tsaya a kanta har motar ta yi tsit. Funmi ta dubi fuskokin mutane ta gane, ta tashi tana ba da haƙuri. Da abin ya tsaya nan da sauƙi.

Bayan wata biyu kamfani ya buɗe wa kowa imel nasa, tun daga manaja har maigadi. Aka ce daga yau duk sanarwa ta nan za ta zo, duk wata buƙata ta nan za a tura. Imel ɗin kamfani kuwa ba irin wanda mutum ke buɗewa da kansa ba ne. Sai an shigar wa waya wasu sunaye da lambobi kafin ta gane hanya. Funmi aka ɗora wa aikin. Ta kafa tebur a ɗakin cin abinci, kowa ya miƙa wayarsa ta saita masa.

Da layi ya zo kan Daso ta ciro tata. Gilashin a tsage yake, murfin baya kuma da kyauro aka ɗaure shi. Wani direba ya ce wannan wayar ta isa fansho tare da mai ita, aka kwashe da dariya. Funmi ba ta yi dariyar ba. Amma ita ce ta miƙo hannu, don haka a kanta abin ya sauka.

"Ke, janye hannunki," in ji Daso. "Na haifi wadda ta fi ki sanin kwamfuta. Ba yarinyar da aka ɗauka jiya ce za ta koya min riƙe waya ba."

Funmi ta janye hannun. Ta ɗauko wata takarda da ta buga ta ajiye a bakin teburin. "To Mama, ga setin a rubuce. Ki ba ta, za ta gane."

Maganar 'ya gaskiya ce. Hamdiyya, 'yarta ta uku, karatun kwamfuta take yi a Bida. Sai dai Bida ba nan kusa ba ce, kuma Daso ba ta son yarinyar ta ji an yi wa uwarta dariya a kan waya. Ta cusa takardar a jaka, kan ƙunshin ƙosan da ba ta samu ta ci ba tun safe.

Ranar Asabar ta kai wayar wajen Chukwuka mai gyara a cikin kasuwa. Ya warware takardar ya ɗaga ta sama, ya girgiza kai. Rabin ƙasa duk ya sha mai, rubutun ya narke.

Da irin Hausarsa ya yi mata bayani. Ya ce imel ƙofa biyu gare shi. Rubutun sama na ƙofar da saƙo ke shigowa ne, wannan yana gani. Na ƙasa na ƙofar da saƙo ke fita ne, shi ne man ƙosai ya cinye. Ya ce ta kira wanda ya ba ta takardar, minti ɗaya ya isa.

Daso ta ce ba za ta kira kowa ba. Ba shi ne ake cewa gwani ba? Ya cika da ka.

Chukwuka ya sa abin da ya saba sa wa wasu, ya ce shi fa bai ɗauki alkawari ba. Bai rufe baki ba wayar ta fara ƙara, saƙonnin ofis suna ta shigowa. Daso ta ce ka gani, ta karɓi abarta ta tafi tana jin daɗi.

Sati biyu bayan haka sanarwa ta shigo. Kamfani zai ɗauki 'ya'yan ma'aikata uku masu karatu su yi wata shida na sanin makamar aiki, ɗaya a sashen kwamfuta. Hamdiyya ta yi wata huɗu tana neman irin wannan wuri. An gaya musu a makaranta duk wanda bai samu ba, ba zai gama tare da 'yan ajinsa ba. Sharaɗin guda ne: uba ko uwa su turo takardun yaro daga imel ɗinsu na kamfani. Ba a karɓar takarda a hannu. Za a rufe ranar Juma'a ta sama da ƙarfe goma na safe.

Hamdiyya ta turo hotunan takardunta, ta koya wa uwar ta waya yadda ake liƙa su. Daso ta yi bisimilla ta danna. A gefe wani ɗan akwati ya nuna lamba ɗaya. Ta ɗauka lissafin abin da ta tura ne. Ta kira 'yar ta ce an gama, sai addu'a.

Bayan kwana uku aka fitar da sunayen waɗanda takardunsu suka iso. Ta karanta daga sama zuwa ƙasa, ta sake daga ƙasa zuwa sama. Babu Hamdiyya.

Ta sake turawa, akwatin ya nuna biyu. Washegari ta ƙara, ya nuna uku. Ta tambayi sakatariya, ta duba ta ce babu komai daga wajenta, ta ba ta shawara ta je ta ga Funmi. Sau biyu Daso tana zuwa har ƙofar sashen kwamfuta. Sau biyu tana goge marfin ƙofar da tsumma ta juya. Ta sake turawa har akwatin ya kai biyar.

To a nan ne shaiɗan ya samu wurin zama. Tana wanke kofuna ta fara lissafi. Saƙon kowa yana zuwa sai nata. Wa ke riƙe da imel ɗin kamfani gaba ɗaya? Wa ta yarfa a gaban mutane? Kafin ta gama ɗauraye kofunan ta gama yanke hukunci: Funmi ce ke goge mata saƙo.

Ta zauna a kan bokiti a ɗakin ajiyar tsintsiya ta rubuta wa manajan ma'aikata, Malam Muhsin, da Hausa. Ta ce yarinyar nan tana shiga tana goge takardun 'yarta don ramuwa. Ta ƙara da abin da bai faru ba, ta ce da kunnenta ta ji Funmi tana rantsuwa sai ta ga bayanta. Ta danna. Akwatin ya nuna shida.

Da safe Malam Muhsin ya karɓi shayinsa ya ce Mama sannu da aiki, ya ci gaba da karatun jarida. Bai ta da maganar saƙon ba. Washegari ma haka. Daso ta ce a ranta, shi ke nan, bakinsu ɗaya.

Ta rasa inda za ta sa kanta. Hamdiyya ba ta faɗuwa, don ta riga ta ce mata an gama. Malam Gwadabe ba ya faɗuwa, don ya sha gaya mata bakinta zai ja mata wata rana. Ta koma wa Chukwuka, ya ce shi ba abin da zai iya sai ta kawo sabuwar takarda. Sabuwar takarda kuwa a hannun wa take? Duk hanyar da ta bi sai ta ɓulle a ƙofar Funmi. Ranar Alhamis ta tura na bakwai, ba don tana sa rai ba, don dai hannunta ya samu abin yi.

Ranar Juma'a ta fito da takardun da ta sa aka buga mata a cikin leda. Niyyarta ta durƙusa a gaban Malam Muhsin kafin goma, ko doka ta hana ya dubi shekarunta.

Suna shiga Madalla mota ta tsaya. Tirelar siminti ce ta lalace ta gitta hanya. Motocin baya suka bi hannun da ba nasu ba, na can ma suka yi haka, aka cushe ba gaba ba baya. Direba ya kashe injin.

Bakwai ta yi. Takwas ta yi. Dutsen Zuma yana can gabansu, awa biyu bai matso ba. Masu tallar burodi da ruwan leda suna ta zagaya motar. Daso ta leƙa ta ga ko mashin ba shi da wurin ratsawa, kuma ko ya ratsa ba ya shiga cikin Abuja. Gumi ya jiƙe mata hijabi.

Tara da kwata wayar ta yi ƙara. Hamdiyya ce. Cikin murna take magana, ta ce ta riga ta gaya wa malaminsu ta kusa samun wuri, ta ce Umma ki ƙara yi min addu'a. Daso ta ce to, to, Allah ya yi albarka, ta kashe da sauri.

Ta zauna tana kallon ledar da ke cinyarta. Sannan ta miƙe, ta bar kujerar bakin taga, ta ratsa ƙafafun mutane har kujerar baya. Duk motar aka bi ta da ido.

"Funmi." Ranar ce ta fara kiran sunanta. "In abin da na faɗa miki ne, ki rama a kaina. Ga ni. Amma ki bar min yarinya, ba ta yi miki komai ba. Ki daina goge saƙon."

Funmi ta cire abin jin waƙa daga kunnenta. "Wane saƙo, Mama?"

"Sau nawa ina turawa. Kin sani."

"Kawo wayar in gani."

Wannan karon Daso ta miƙa, da kyauron da komai. Wanda ke kusa ya matsa mata ta ɗosana. Funmi ta latsa nan ta latsa can, sai ta yi ajiyar zuciya ta juyo mata da fuskar wayar.

"Kin ga wannan bakwai ɗin? Ba abin da kika tura ba ne, Mama. Abin da ya kasa fita ne. Ko ɗaya bai taɓa barin wayar nan ba. Ba wanda ya goge, ba wanda ya ma gani."

Ta nuna mata inda Chukwuka ya cika da ka. Sunan da ya sa wa ƙofar fitar saƙo ba na kamfani ba ne, lambar ƙofar ma ba ita ba ce. Ta goge ta rubuta daidai, ba ta ko duba takarda ba. Ta nemi kalmar sirri, Daso ta kwance 'yar takardar da aka rubuta ta daga bakin ɗankwali inda ta ƙulle. Duk gyaran bai kai minti uku ba. Abin da ya hana ta barci kwana tara ke nan.

Sabis ya yi rauni a wurin. Funmi ta ɗaga wayar ta taga, suka jira. Goma saura ashirin lambar ta motsa.

Bakwai ta koma shida. Shida ta koma biyar. Daso ta riƙe hannun Funmi tana ta hamdala tana sa mata albarka. Huɗu. Uku.

A nan ta tuna.

Ta fizge wayar tana danna ko'ina, tana cewa a tsayar, a tsayar. Funmi ta ce ba komai Mama, duk sun fita, ga shi akwatin ya zama wayam. Ta yi murmushi ta ce Allah ya ba Hamdiyya sa'a. Ba ta buɗe ko saƙo ɗaya ba, don ba ɗabi'arta ba ce karanta wasiƙar mutane. Da ta buɗe da ta ga sunanta.

Sai wajen sha ɗaya suka isa. Bayan an sauko daga masallaci Malam Muhsin ya aika a kira Funmi. Daso tana goge barandar ofishinsa, tana ji ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba. Yana cewa zargin shiga imel ɗin mutane ba ƙaramin abu ba ne, ga shi ba ta gama wata shidan gwaji ba. Yana karanta mata saƙon layi layi.

Daso ta tsaya da abin goge ƙasa a hannu. Takardun Hamdiyya sun shiga a kan lokaci. In ta yi shiru ta wuce, wataƙila ba mai sake tambayarta. In ta shiga, ta san halin Malam Muhsin, ba abin da ya tsana kamar ƙage, yana iya soke sunan yarinyar nan take. Ta goge wuri ɗaya sau nawa ba ta sani ba.

Sannan ta jingine sandar ta yi sallama.

"Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Ba ta goge komai ba, wayata ce ba daidai ba. Rantsuwar ma ba ta yi ba, ni na ƙara. Ita ce ma ta gyara min yau a mota."

Malam Muhsin ya cire tabarau ya daɗe yana kallonta. Ya ce dama ya lura duk saƙonninta a minti ɗaya suka iso, yana son ya ji daga bakin Funmi ne. Ya ce shekara goma sha ɗaya yana shan shayi daga hannunta, bai zaci haka ba. Sannan ya gaya mata abin da ba ta sani ba: yara huɗu ne suka nemi gurbin sashen kwamfuta, kuma wadda za ta zaɓa ta sa hannu ita ce wannan da ke tsaye.

Daso ta juya. Idon Funmi ya yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

"Mama, da safe hannuna kika riƙe kina sa min albarka," in ji ta. "Kin san wannan yana ciki."

"Na manta da shi ne, wallahi. Sai da ya fita na tuna."

"Ni ba zan manta ba."

Ta ce wa manaja a ba ta zuwa Litinin, ta fita.

Asabar da Lahadin nan Daso ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ta gaya wa Malam Gwadabe komai. Bai ce na gaya miki ba.

Ranar Litinin wajen sha biyu wayarta ta yi ƙara. Sanarwa ce. Sunaye uku, na biyu Hamdiyya Gwadabe, sashen kwamfuta. A ƙasa Funmi ta rubuta cewa ta duba takardun duka huɗun, na Hamdiyya sun fi, shi ya sa.

Daso ta tafi da saurinta ta yi godiya. Funmi ta miƙe ta gaishe ta da ladabi, ta ce ba alfarma ta yi ba, yarinyar ce ta ci abinta. Ta koma ta zauna ta juya ga aikinta.

Washegari da asuba Daso ta riga kowa shiga mota. Ta wuce kujerar bakin taga ta zauna a tsakiya. Da Funmi ta shigo ta nuna mata wurin da hannu. Funmi ta ce ina kwana Mama, ta wuce baya inda ta saba.

Yau sati uku ke nan. Daso ba ta koma kujerar ba, Funmi ba ta zauna ba, sauran ma'aikata kuma ba wanda ya yarda ya hau. Haka take tafiya wayam daga Suleja har Abuja, mutane na matse a baya.

Ranar ɗaya ga wata Hamdiyya za ta fara aiki a ƙarƙashin Funmi. Har yanzu ba ta san komai ba. Jiya ma ta ce wa uwar ta ji ana yabon matar, ta ƙagu ta gan ta.

Darasi: 'Yan'uwa, jin kunyar cewa ban iya ba shi ne ya haifi girman kai, girman kai ya haifi zargi, zargi ya haifi ƙage. Abin da minti uku zai gyara ya kusa cin karatun 'ya da aikin baiwar Allah. In ba ki iya ba ki tambaya, ko wadda za ta koya miki sa'ar 'yarki ce. Kada ki rubuta a kan mutum abin da idonki bai gani ba, don ko ya maƙale yau wata rana zai fita, kuma ba ya dawowa. Ku tura wa iyaye irinmu su karanta.

Sannan ku taimaka da shawara, don Daso ta tambaye ni na rasa amsa, ni ma uwa ce, abin ya tsaya min a rai. Ta zaunar da Hamdiyya ta gaya mata abin da ta yi kafin ranar ɗaya ga wata, ko ta yi shiru ta bar yarinyar ta shiga da zuciya ɗaya? Me za ta yi?